Kuɗɗin Ranar Wuya

Talata, farkon Satumba, da hantsi

Ina zaune a barandar ɗakin maza, babban asibiti, Sakkwato. Kusan shekara ashirin ina aikin ungozoma a Goronyo, ban taɓa tashi daga aiki ban rubuta abin da ya gudana ba. Hannuna ya saba. Bari in rubuta wanga ma, ko da ba wanda zai karɓi aiki daga gare ni.

Andrawus, maigidana, shina ciki, gadon da ke kusa da taga. Ran Lahadi bayan sujada ya duƙa zai tada babur a bakin coci, sai ya zauna ƙasa a hankali kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Na kira shi, ya ɗago, na ga bakinshi. Na san sunan abin. Na karanta shi a makaranta, na gan shi jikin mutane. Ba zan rubuta shi nan ba.

Hannun dama ba ya ɗaguwa. Ƙafar tana ɗan jawuwa. Magana ta tafi, sai kalma ɗai-ɗai. Idanun dai nashi ne, suna bina duk inda na yi.

Na ci abinci. Kullum haka nake gaya wa masu jinya, su ci abinci.

Talata, bayan la'asar

Kuɗɗin da nake ajewa gida cikin gwangwanin madara sun ƙare. Shatar mota daga Goronyo, kati, gado, allurai, shi ke nan. Likita ya ce ana son hoton kai da wasu gwaje-gwaje kafin a san maganin da ya dace, daga nan kuma a fara gashi, wato motsa mashi hannu da ƙafa. Ya faɗi kuɗɗin. Na ce to, kamar suna cikin jakata.

Muna da su. Abin da ke ci mani rai ke nan. Shekara da shekaru muna tsame wani abu daga albashinmu, mun sa mashi suna kuɗɗin ranar wuya. Ga ranar ta zo, ni kuma ina zaune kan tabarma da canjin da bai wuce na kunu ba.

Laraba, da safe

Andrawus malamin lissafi ne a sakandare, kuma ba ya barin lissafi a makaranta, har gida yake zuwa da shi. Shi ya ce kuɗɗin da ke kwance cikin gwangwani tsada ke cinye su. Ya tambaye ni nawa munka sayi buhun gero shekarar da anka haifi ɗiyarmu Elisabatu, nawa yake yau. Ban iya musu ba, gaskiya ya faɗi. Na ce a bar su dai kusa da hannu. Ya ce hannu ne abokin gabarsu, abin da ke kusa da hannu biki da ashobi ke tafiya da shi. Nan ma bai yi ƙarya ba.

Sai ya raba su biyu. Babban kason ya kai banki nan Sakkwato, ajiyar wa'adi ta shekara guda, wadda ba a taɓawa sai lokaci ya cika a ba ka da kuɗɗin ruwa. Duk shekara sai ya sake kulle ta. Ƙaramin kason kuma ya ba abokinshi Malam Lawwali na Kwargaba, can wajen Wurno, ya saya muna albasa lokacin da take arha, a aje ta sai ta yi tsada.

Ranar da ya buɗe ajiyar ina kan aiki, wata mata na naƙuda. Ya tafi shi kaɗai. Sunanshi kaɗai ke kai. Ba wanda ya yi nufin haka, aiki ne ya raba mu.

Yau za ni bankin.

Laraba, da yamma

Wanda ya saurare ni sunanshi Halliru, siriri, mai haƙuri. Ya duba takardar, ya dubi katin aikina.

"Malama Justina, ana iya hwasa ajiyag ga kahin lokaci," in ji shi. "Amma kuɗɗin ruwan da anka tara na shekara, kusan dut za su tahi. Uwar kuɗɗin ɗai za ku samu. Kuma wa'adin ya kusa, ƙarshen watan gobe na."

Na ce na ji, a fasa.

"Sai mai ajiya ya sa hannu."

Na ce hannun ne ba shi.

Ya ce Allah shi ba shi lafiya. Ya ce akwai wata hanya, banki ya ba da rance a riƙe ajiyar jingina, amma ruwan rancen ya fi na ajiyar, kuma shi ma sai da hannun mai ita. Abin da ya rage, likita ya rubuta cewa hankalinshi na nan, shi Halliru ya zo har gadon asibiti da shaida, Andrawus ya dangwala da hagu. Amma sai ya yarda da kanshi, a gabansu.

Na ce wanga mai sauƙi ne. Har na saya wa kaina ruwan sanyi a hanya.

Alhamis, da hantsi

Ya ƙi.

Alhamis, bayan azahar

Na yi mashi bayani sannu-sannu, ina shafa mashi mai a ƙafa. Da na zo kan cewa kuɗɗin ruwan za su tafi, sai ya janye ƙafar mai lafiya. Ya ce, "A'a." Cikin 'yan kalmomin da sunka rage mashi, wagga ta fi fita sarai.

Na ce, "Malam, don wagga rana munka tara su."

"A'a."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna taga, ya yi ta jujjuya yatsa kamar mai buɗe shafin kalanda. Wato a jira. Sannan ya yi ƙoƙarin wata kalma, ya sha wuya, ta fito rabi: "Saba..." Na gane. Elisabatu na ajin ƙarshe a makarantar kwana ta Rabah. Tun bara ya gama lissafinshi, kuɗɗin ruwan bana su ne na jarrabawarta da na shigarta makarantar koyon jinya, ba tare da an taɓa uwar kuɗɗin ba.

Na fita baranda don kar in faɗi abin da ke bakina. Mutum na kwance ba ya iya riƙe cokali, shina tsaron riba.

Ba riba yake tsaro ba, na sani. Amma yau ba ni da ƙarfin yi mashi adalci.

Na ci abinci.

Juma'a, da safe

Matan zumunta na cocinmu sun aiko da abin da sunka haɗa, da garin kunu da sabulu. Ya biya magani na 'yan kwanaki. Ba zan bi gidajen mutane da kwano ba alhali muna da namu. Tunda ya kulle ƙofa ɗaya, zan bi ɗayar. Wata 'yar cocinmu da ke aure nan birni za ta zauna da shi. Gobe za ni Kwargaba wajen albasa.

Asabar, bayan magariba, Kwargaba

Tun daga Achida ake maganar ruwa. Dam ya cika, an saki ruwa, ga kuma sama ba ta ɗauke ba. Da munka wuce Wurno na ga fadama da idona. Inda na saba ganin shinkafa kore shar, yau gulbi ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kan itatuwa kaɗai ke leƙowa. Mota ta aje mu, na hau babur, babur ya aje ni, na tattare zane na taka.

Na iske Malam Lawwali da ɗiyanshi suna kwashe albasa daga rudu, rumfunan karan da ake jera ta ciki don ta sha iska, suna ɗora wa jakuna zuwa tudu. Warin ya gaya mani labari tun ban ƙarasa ba. Danshi ya shige ta.

Ya aje kwando ya zo. "Malama, ƙaƙa jikin Malam? Wallahi sai shekaranjiya nij ji. Da hanya ta yi da na iso."

Na gaya mashi abin da ya kawo ni. Ya kai ni wajen tamu, ya sa hannu ya tono daga ƙasa. Cikin uku, ɗaya ta yi ruwa.

"Wadda tat tsira tana da kyau," in ji shi. "In kin yi haƙurin wata biyu, buhu guda shi ka yin kuɗɗin ukku. Yanzu kau manyan motoci ba su shigowa, sai 'yan sari na kusa, kuma sun san mutane na cikin matsi."

Na ce, "Malam Lawwali, ban da wata biyu."

"To mi kika so a yi?"

"A saida."

Bai ƙara ja ba. Ya kira ɗiyanshi, munka zauna har ni muna tsince mai kyau. Matarshi Khadijatu ta kawo mani fura, ta ce nan zan kwana. Nasu asarar ta fi tamu nesa ba kusa ba, shinkafarsu duk tana ƙarƙashin ruwa, amma ba wanda ya ambata mani ita.

Lahadi, da yamma

An sayar. Ko uwar kuɗɗin da munka sa ba ta dawo ba. Malam Lawwali ya ƙi cire ladan ajiyarshi. Na matsa, ya ce in na ƙara magana zai ji kunyar Malam.

Yau mako guda. Ban je sujada ba. Na yi addu'ata ina tafe cikin laka.

Litinin, da hantsi, Goronyo

Ruwa ya tsallake hanya a wuri guda, sai da jirgi munka ƙetare, da babura da awaki da mu. Unguwarmu na kan tudu, ba abin da ya same ta, amma makarantar firamare cike take da mutanen ƙauyukan bakin gulbi. Na leƙa wurin aiki. Abokiyar aikina Mairo na riƙe da ɗakin haihuwa ita kaɗai, idanunta sun faɗa. Na nemi ƙarin hutu, an ba ni.

Mairo ke da kwasar adashinmu na wanga wata. Ban roƙe ta ba. Ta ce, "Ki kwasa, ni in kwashi naki na Disamba." Dama gyaran ɗaki za ta yi da su. Na karɓa.

Inna Kaltume, mai gidan da muke haya, ta tare ni a zaure. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

"Ɗiyata, ƙaƙa mai jiki?"

Na ce da sauƙi. Ta dube ni, ta san irin sauƙin. Sai na samu kaina ina ba ta labarin banki, duka.

Ta ce, "Ni kin san ban aje kuɗɗi inda za su haihu ba da ciki ba. Addinina bai ba ni ba, naku kau ku kunka san shi. Tumakina su na bankina, in ta matsa in kora guda kasuwa. To ga shi yau ta matsa ma kowa rana ɗaya. Kowa ya koro nashi, ba wurin ɗauri, ba ciyawa. Tunkiya da ciki anka taya mani kuɗɗin ɗan akuya, nid dawo da abata." Ta yi 'yar dariya. "Kowa da inda tashi ajiya ka ciwo."

Na shiga ɗakinmu in ɗauko mashi kaya. Rigar da ya goge don aikin Litinin tana nan rataye. Na ɗauki waɗanda ba su da maɓalli.

Laraba, da safe, Sakkwato

Na dawo. Da na albasa da na adashi, na biya bashin gado da magani, saura abin da zai riƙe mu kwanaki. Hoton kai bai samu ba. Likita ya kira ni gefe, ya yi mani magana irin ta ma'aikaci da ma'aikaci. Ba zai canja magani a makance ba. Kuma duk makon da ya wuce ba a fara gashi ba, hannun na ƙara nisa.

Na gaya wa Andrawus yadda albasa ta yi. Ya rufe ido. Na sake tada maganar banki. A'a.

Alhamis

A'a.

Juma'a, da la'asar

A'a. Na ce mashi zan tafi in bar shi da bankinshi su yi jinyar juna. Mai jinyar gadon kusa ya juyo ya dube ni. Ban tafi ko'ina ba. Na yanke mashi farce.

Na ci abinci, ban san mi na ci ba.

Asabar, bayan azahar

Elisabatu ta zo daga Rabah, makaranta ta ba ta kwana biyu. Na so in ɓoye mata, amma yarinyar da za ta yi aikin jinya gara ta fara gani a gida. Ta tsaya bakin ƙofa da kayan makaranta, ta ga babanta, ta gyara fuska, ta shiga da fara'a. Na ji daɗinta.

A baranda ta tambaye ni dalilin da ba a yi hoton ba. Na faɗa mata. Ta koma ciki, ta durƙusa gaban gado.

"Baba, in don ni na, ban so. Ko an biya ba ni zuwa. In zauna aji da kuɗɗin hannunka?"

Ya juya fuska bango. Har ta tafi masauki bai juyo ba.

Na yi zaton wanga zai karya shi. Bai karya shi ba, ya dai ƙara mashi ciwo. Ba ta nan ake shiga wajen Andrawus ba, ni ya kamata in sani.

Lahadi, da yamma

Na raka Elisabatu tasha. A hanyar dawowa na tsaya shago na sayi littafin rubutu na 'yan firamare da fensir. Shekarunmu tare, ban taɓa cin shi gardama da kuka ko da faɗa ba. Sau ɗaya ko biyu da na ci, da lamba na ci.

Litinin, da hantsi

Bayan an gama zagayen likitoci na tada shi zaune, na jingina mashi filo, na ɗora littafin kan cinyarshi.

Na ce, "Malam, ba roƙonka zan yi ba. Aiki na kawo maka ka duba."

A hagun shafi na rubuta kuɗɗin ruwan da za mu samu in mun jira ƙarshen watan gobe. A dama na rubuta albashinshi na wata. Na ce saura shekara takwas ka aje aiki. Malamin da ba ya tsayuwa gaban allo, ba ya riƙe alli, ba ya magana, sallamarshi za a yi. Na buga wata goma sha biyu sau takwas, na rubuta 86, na buga da albashin, na ja layi biyu a ƙasa yadda yake so. Na ce ga abin da kake tsaro, ga abin da kake sakewa.

Ya daɗe shina kallon shafin. Sai ya miƙo hagu ya fizge fensirin. Na ɗauka jifa zai yi da shi. Ya kai bakin fensirin kan 86, ya buga sau biyu. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa 'yan aji ɗaya. Sannan da ƙyar, fensirin na zamewa, ya soke takwas ɗin ya zana wani abu mai kama da ludayi a samanta. Tara. Casa'in da shida.

Wallahi ba da gangan na yi ba. Na ce, "To, ka ga ma abin ya fi yadda na ce."

Wani sauti ya fito mashi, na tsorata, ashe dariya ce. Rabin fuskarshi na dariya. Ni ma na kama, har nas ta leƙo. Duk kwanakin nan ina cewa hankalinshi na nan, ina faɗa wa likita, ina faɗa wa banki, amma sai yau na tabbata har cikin raina.

Da munka natsa ya sake duban shafin. Ya sa yatsa kan lambar hagu, ya ce, "Saba."

Na ce, "Na ɗauka. Ko da aikin dare zan ƙara, za ta shiga makarantar nan. Ka taɓa ganin na ce zan yi abu ban yi ba?"

Ya rufe littafin. Ya ce, "To."

Laraba, bayan azahar

Halliru ya zo da wata abokiyar aikinshi, da takardu da 'yar kwalin tawada. Likita ya tsaya shaida. Halliru ya gaida shi da ladabi, ya karanta mashi komi, ya tambaye shi ko ya yarda. Ya ce, "I."

Da anka buɗe tawadar sai ya maƙe hannu. Ya nuna biro. Halliru ya dube ni, ya ba shi wata farar takarda ya gwada. Ya gwada sau uku. Abin da ya fito bai yi kama da sunan kowa ba.

Mutumin ga shekaru ya yi shina koyar da manya karatu da yamma a Giyawa, kyauta, kan babur ɗinshi, don a cewarshi kar dattijo ya riƙa shafa baƙi a yatsa gaban yara. Ba wanda ya san haka a ɗakin sai ni.

Halliru ya ce a hankali, "Malam, na wucin gadi na. Ran da hannu yad dawo, ka zo da kanka mu sake ɗaukar sa hannunka."

Ya miƙa babban yatsa. Ni na riƙe mashi wuyan hannu. Na kalli taga har anka gama. Bayan sun tafi na kawo ruwa da sabulu na wanke yatsan, tawadar ba ta fita duka ba.

Juma'a, da yamma

Kuɗɗi sun fito jiya. An yi hoton yau.

Likita ya faɗi abu biyu. Ɗaya mai daɗi ne: ba a makara ƙwarai ba, an canja magani, Litinin za a fara gashi. Shi zan rubuta.

Talata, da hantsi

Gashi akwai wuya. Shina zufa kamar mai noma, a ɗaga ƙafa, a aje, a matsa ƙwallon roba. Mai gashin ta hana ni taimaka mashi. Ta ce in zauna kan hannuwana in ya kama. Ni da nake gaya wa mata su yi nishi da kansu, yau ni ake korewa daga bakin gado.

Asabar

Ɗan yatsan tsakiya na hannun dama ya motsa. Na gani, shi ma ya gani.

Laraba, cikin Oktoba, bayan la'asar

An ce mako mai zuwa za a sallame mu, mu riƙa zuwa gashi daga gida. Abin da ya rage na kuɗɗin bai kai rabi ba, kuma na ce ba zan bar garin ga ba sai na san inda za su kwana.

Na koma wajen Halliru na yi mashi tambayoyi har ya gaji. Ajiya ta yau da kullum ruwanta kaɗan ne, bai kamo tsada, amma akwai katin cirar kuɗɗi, ana cira ko ran Lahadi. Ta wa'adi kuma ashe ba dole sai shekara ba, akwai ta wata uku, har ta wata guda. Ruwan bai kai na shekara ba, amma in ta kama a fasa, abin da za a rasa kaɗan ne. Kuma ana buɗe kowace da suna biyu, kowane ɗayanmu ya iya sa hannu shi kaɗai. Wanga na sa ya maimaita mani sau biyu.

Na dawo na shimfiɗa wa Andrawus. Na ce abin da zai riƙe mu wata uku, da magani da mota, shina zama inda kati zai kai gare shi. Gwangwanina ma za a ƙara mashi, don ranar da abin ya faru ba kati ya kawo mu Sakkwato ba. Abin da ya saura a kulle, wata uku-uku. Albasa kuma in muna so mu yi, mu yi ta da sunan kasuwanci, da wasu kuɗɗi daban, kar mu sake kiranta ajiya.

Ya saurara. Ya ɗauki fensir ya zana da'ira, ya raba ta biyu daidai, ya buga rabi: a kulle. Na karɓa na raba ta uku, na ba shi kashi ɗaya. Ya ce a'a. Na ce to a kira Halliru ya zo da tawada mu ga wanda zai sa hannu. Ya harare ni. Munka daidaita a wani wuri tsakanin rabi da sulusi, shi ya san sunan wurin, ni ban sani ba.

Ya fi ni gaskiya kan tsada, har gobe. In na bar su duka a kwance za su narke. Na yarda mu yi asarar wani abu kowace shekara, in dai ranar da na miƙa hannu zan taɓa su.

Alhamis, bayan mako guda, da yamma, Goronyo

Mun dawo gida. Ruwa ya janye daga hanya, ya bar yashi da ramuka. A fadamar Wurno har an fara gyaran fangali don albasar rani. Malam Lawwali ya tare mu a bakin hanya da sanda da ya sassaƙa, ya auna ta da tsayin Malam, ta yi daidai. Inna Kaltume ta sa an zuba ƙasa an daddaɓe dokin ƙofarmu don kar ƙafa ta sarƙe.

Abu na biyu da likita ya faɗi shina nan. Magani ne har iyakar rai, da awon jini kullum. Ni ke da abin awo.

Litinin, da azahar, wurin aiki

Yau na koma aiki. Tun asuba nake jan ƙafa. Na aje mashi ruwa, da magani, da rediyo, da waya kusa da hagu. Na gaya wa Inna Kaltume ta riƙa leƙowa. Na sa takalmi, na cire, na koma na gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Shina zaune bakin gado shina kallona. Sai ya jawo sanda ya dafa, ya miƙe. Na yi kamar in tare shi, na tuna mai gashi, na maida hannuwana baya. Ya tako har bakin ƙofa, ya jingina. Bakinshi ya yi ta aiki kafin ta fito.

"Tahi aiki."

Kalma biyu a jere. Na ce to, Malam.

Na bi ta tsakar gida. Ina jin ƙarar sandar bayana, ɗaya, sai jan ƙafa, ɗaya, sai jan ƙafa, shina biyo ni zuwa zaure. Ban juya ba, don in na juya ba za ni ba.

Mata huɗu ke jirana a benci. Mairo ta tafi gida ta yi barci.